Malamin Shawara a Sashen Kimiyyar Zamantakewa: Abin da Ɗalibi Ya Kamata Ya Sani Tun Daga Sakandare

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, akan ga matasa daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ɗaure kayansu sun nufi jami'o'i. Wasu su tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, wasu Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, wasu kuma su zarce Zariya ko Kano. Da yawa daga cikinsu fannonin kimiyyar zamantakewa suke karantawa, wato tattalin arziki da kimiyyar siyasa da nazarin zaman jama'a da labarin ƙasa. Sau da yawa irin wannan ɗalibi shi ne na farko a gidansu da ya taɓa taka ƙofar jami'a. An yi masa addu'a, an yi masa nasiha a kan riƙon salla da guje wa abokan banza, amma babu wanda zai iya gaya masa yadda ake zaɓen kwasa-kwasai ko yadda ake lissafin sakamako, domin babu wanda ya taɓa bin wannan hanya.

Akwai mutum guda a kowane sashe da aka ɗora wa wannan aiki. Shi ne malamin shawara, wanda a jami'o'in Arewa aka fi sani da malami mai kula da aji, ɗalibai kuma na ce masa kodineta. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan asalin aikinsa, da lissafin da ya sa zuwa wurinsa da wuri ya zama wajibi, da kuma abin da malaman sakandare za su iya yi kafin yaro ya bar hannunsu.

Asalin Aikin

Muddin dukkan ɗalibai darasi iri ɗaya suke ɗauka, babu wata buƙatar mai ba da shawara. Buƙatar ta taso ne a Amurka, lokacin da Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussan da suke so. Da zaɓi ya yi yawa sai ruɗu ya shigo, jami'o'in ƙasar suka fara haɗa kowane ɗalibi da malamin da zai duba abin da ya zaɓa.

Mafi yawan jami'o'in Nijeriya na farko tsarin Ingila suka gada, inda babbar jarrabawar ƙarshen shekara ce ke yanke hukunci. Daga baya aka koma tsarin kwas-kwas mai ƙididdigar yunit, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta daidaita shi a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 1989. A wannan tsari an raba shekara zuwa zango biyu, kowane kwas yana da nauyinsa, kuma duk abin da ɗalibi ya ci ko ya faɗi yana nan a rubuce har ranar da zai fita. A watan Disamba na 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta tsara sauran kashi 30. Ma'anar wannan ita ce, takardar kwasa-kwasan yayan ɗalibi da ya gama a shekarun baya ba lalle ta yi wa ƙanensa amfani ba, haka nan ta abokinsa da ke wata jami'a.

Yadda Ake Lissafin Sakamako

Nan ne zuciyar maganar, don haka ya kamata mai karatu ya ɗauko alƙalami da takarda.

A tsarin da mafi yawan jami'o'in ƙasar nan ke bi, wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, darajarta 3. Daga 45 zuwa 49 D ce mai daraja 2, daga 40 zuwa 44 E ce mai daraja 1. Abin da ya gaza 40 kuwa F ce, wato faɗuwa, darajarta sifiri. Kowane kwas kuma yana da yunit, yawanci 2 ko 3, gwargwadon sa'o'in da ake koyar da shi a mako. Ana ninka darajar harafin da yunit ɗin kwas, a tara duka, sannan a raba da jimlar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin maki na zango, wanda ɗalibai ke kira GPA.

A ƙaddara wani ɗalibi daga Zurmi ya shiga sashen tattalin arziki, ya yi rajistar kwasa-kwasai bakwai a zangon farko, sakamakonsa ya fito kamar haka:

Gabatarwa ga tattalin arziki, yunit 3, C: 3 × 3 = 9
Lissafi, yunit 3, F: 3 × 0 = 0
Gabatarwa ga kimiyyar siyasa, yunit 3, B: 3 × 4 = 12
Gabatarwa ga nazarin zaman jama'a, yunit 3, C: 3 × 3 = 9
Turanci, yunit 2, D: 2 × 2 = 4
Labarin ƙasa, yunit 2, B: 2 × 4 = 8
Ƙididdiga, yunit 2, E: 2 × 1 = 2

Jimlar yunit 18, jimlar maki 44. Idan aka raba 44 da 18 za a sami 2.44. Da a ce C ya ci a lissafi, da jimlar ta zama 53, matsakaicinsa kuma ya zama 2.94. Kwas guda ya zaftare masa rabin maki cur. Ba a nan abin ya tsaya ba: dole ya sake ɗaukar kwas ɗin baɗi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, kuma a mafi yawan jami'o'i sifirin farko ba ya gogewa ko da ya ci A a karo na biyu, domin yunit ɗin sau biyu ake ƙirga su.

Darajar digiri ba da sakamakon shekarar ƙarshe ake auna ta ba. Ana tara makin dukkan zanguna ne a raba da dukkan yunit, a sami matsakaici na jimla, wato CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00 digiri ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Iyakar da aka fi yin kuka a kanta ita ce 3.50, domin ma'aikatu da bankuna da yawa, da masu ba da tallafin ƙaro karatu, daraja ta biyu babba suke nema.

To, yaushe ne ɗalibin nan na Zurmi zai iya gyara lamarinsa? Don sauƙin lissafi, a ɗauka yunit 36 yake yi a kowace shekara, wato 144 a shekara huɗu. Kafin ya fita da 3.50 sai ya tara maki 504. Idan ya farga a ƙarshen shekarar farko yana kan 2.44, ya tara maki 88 ke nan, saura 416 a cikin yunit 108. Wannan na buƙatar matsakaicin 3.85, wato kusan B a kowane kwas. Da wuya, amma ana yi. Idan bai farga ba sai ƙarshen shekara ta biyu, yana da maki 176, saura 328 a cikin yunit 72, wato matsakaicin 4.56, irin ƙwazon masu daraja ta ɗaya. Idan kuwa sai da ya shiga aji huɗu hankalinsa ya tashi, yana da maki 264, saura 240 a cikin yunit 36. Wannan na buƙatar 6.67, alhali kuwa ƙololuwar maki 5 ce. Ko da ya ci A a duk abin da ya rage, 3.08 zai tsaya.

Abin takaici shi ne, a aji huɗun ne aka fi ganin ɗalibai cike da ƙofar ofishin malamin shawara, kowa da takardarsa a hannu yana tambayar ko akwai abin da za a iya yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan lissafi bai wuce na ɗan ƙaramar sakandare ba, kuma minti goma sun isa malami ya nuna wa sabon ɗalibi shi a makon farko.

Abin da Malamin Shawara ke Yi

Aikinsa na zahiri shi ne duba takardar rajista ya sa hannu. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 ko fiye da 24 a zango guda, kuma kwas ɗin da aka faɗi shi ake fara rubutawa kafin sababbi. Akwai kwasa-kwasai na dole, akwai na zaɓi, akwai kuma waɗanda ba a yarda a ɗauka ba sai an ci na ƙasa da su. Wanda ya faɗi ƙididdigar aji ɗaya, alal misali, yana iya samun an rufe masa ta aji biyu, ita kuma ta rufe masa dabarun bincike na aji uku. Ta haka kwas mai yunit biyu ke jawo wa mutum ƙarin shekara. Haka kuma akan sami ɗalibin da ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, ya ci, amma makin ya tafi a banza. Wani kuma ya yi rajista ya daina shiga aji bai cire kwas ɗin ba a cikin wa'adin da aka bayar, sai a rubuta masa F.

Idan matsakaicin ɗalibi na jimla ya faɗi ƙasa da 1.00, a wasu jami'o'in kuma 1.50, akan ba shi gargaɗi na tsawon shekara. In bai ɗaga ba a sallame shi, ko kuma in an tausaya a mayar da shi wani sashe. A irin wannan hali ɗalibi yakan so ya ɗebi yunit 24 don ya rama da sauri, shawarar da ta fi dacewa kuwa ita ce ya rage kaya ya ci abin da ya ɗauka. Sannan akwai iyakar zama: digirin shekara huɗu ba a yarda ya wuce shekara shida ba. Akwai kuma wata iyakar da ba ta jami'a ba ce. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ga yaron da ya makara wajen shiga firamare, ya kuma tarar da yajin aikin malaman jami'a irin na 2020, mai tsawon wata tara, ko na 2022, mai wata takwas, kowace shekara tana da tsada.

Sai dai sa hannu kaɗai ba shi ne shawara ba. A 1972 wani masani Ba'amurke mai suna Burns Crookston ya bambanta hanyoyi biyu. A ta farko malami kamar likita yake: a zo masa da ciwo, ya rubuta magani, a tafi. A ta biyu kuwa shawara wani nau'in koyarwa ce, inda malami ke tambayar ɗalibi abin da yake son zama, ya nuna masa yadda zai auna zaɓinsa, har ya kai ga iya yanke hukunci da kansa. Shi ma Vincent Tinto, masanin zaman jama'a, ya nuna a rubutunsa na 1975 cewa ba dakushewar ƙwaƙwalwa kaɗai ke fitar da ɗalibi daga jami'a ba. Wanda bai saje da wurin ba, ba shi da abokan karatu, ba ya magana da kowane malami a wajen aji, shi ya fi saurin sulalewa. Duk da cewa a Amurka aka yi waɗannan nazarce-nazarce, wanda ya san baƙuntar ɗan ƙauye a zangonsa na farko ba zai ji su baƙi ba.

Gaskiyar magana, a sassa da yawa hanya ta farko ma ba ta cika samuwa ba. Fannonin kimiyyar zamantakewa na cikin masu cunkoso, malami guda yana iya kula da ɗaruruwan ɗalibai ga koyarwa ga duba kundaye, rajista kuma ta koma intanet, har ɗalibi na iya gama ta a shagon kwamfuta bai ga fuskar kowa ba. Mai shagon nan, wanda bai taɓa buɗe littafin dokokin sashe ba, shi ya zama mashawarcin ɗalibai da dama. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan shugabannin sassa. Amma kafin su gyara, ɗalibin da ya je da tambaya tsayayya, a rubuce, a lokacin da ba na cunkoson rajista ba, da wuya a kore shi.

Matsalolin Ɗan Arewacin Zamfara

Ɗalibin wannan yanki yana da wasu lamurra nasa na daban. Na farko shi ne hanya. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindiga sun sa tafiya tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ba a kowane lokaci take yiwuwa ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya da intanet a jihar Zamfara, an kuma dakatar da kasuwannin mako-mako. Ɗalibin da hutu ya riska a gida a irin wannan lokaci ba zai ga sanarwar komawa ba, ba zai iya rajista ba, mahaifinsa da ke dogaro da kasuwar Shinkafi kuma ba shi da abin biyan kuɗin makaranta.

Doka ba ta san uzurin da ba a rubuta ba. Wanda ya yi rajista bai zauna jarrabawa ba, kuma bai sanar ba, F ake rubuta masa a kowane kwas, zango guda irin wannan kuwa ya isa ya karya digiri. Amma kowace jami'a tana da tanadin jingine karatu na zango ko shekara, saboda rashin lafiya ko haihuwa ko wata lalura. Ana rubuta takarda ne ta hannun shugaban sashe, a haɗa da shaida, majalisar jami'a ta amince. Malamin shawara shi ya san wa'adin da yadda ake rubutawa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya riƙe lambar wayarsa da ta wakilin aji a takarda, ya kuma bar amana wurin wani abokin karatu da zai iya kai saƙo a madadinsa idan shi ya maƙale. Game da kuɗi kuwa, tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta bashin karatu ta asusun NELFUND, abin da ya kamata a tambaya kafin a yanke shawarar zama a gida.

Na biyu shi ne masu shigowa da difloma. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ce babbar makarantar da ta fi kusa da yaran yankin, wasu kuma daga nan suke neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Irin wannan ɗalibi shekara uku kawai ke gabansa, don haka kowane zango ya fi nauyi a lissafinsa. Yakan tarar kuma da wasu kwasa-kwasan aji ɗaya, musamman na bai-ɗaya, waɗanda dole ya haɗa da nasa. Idan ya kwafi takardar rajistar abokan ajinsa da suka fara daga aji ɗaya, sai a shekarar fita za a gano giɓin.

Na uku ita ce kunya. Yaron da aka rena a kan kada ya ɗaga ido gaban babba yakan ga kamar rashin ladabi ne ya ƙwanƙwasa ofishin malami. Ladabi bai hana tambaya ba. Ya isa ya yi sallama, ya gaisa, ya faɗi sunansa da ajinsa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na faɗi lissafi a zangon da ya wuce, ina son a duba mini abin da ya kamata in ɗauka bana." Ɗaliba kuma tana iya tafiya da ƙawarta, a lokutan ganawa da aka liƙa a ƙofa. Malami ma ɗan Adam ne, yana iya mantuwa ko kuskuren lissafi, shi ya sa ake son ɗalibi ya adana kwafin kowace takardar rajista da rasidi da sakamako, ya kuma riƙa lissafa matsakaicinsa da kansa.

Akwai kuma wata riba da ɗan yankin ke da ita, wadda malami nagari kan tunatar da shi idan an zo zaɓen batun kundin digiri. Ɗalibai kan ruga ga manyan batutuwa irin su hauhawar farashi a Nijeriya ko dimokuraɗiyya a Afirka, su ƙare da kwafe-kwafe. Alhali ga Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya tuƙe a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga, garin ya bunƙasa a kan haka. Me ya faru da unguwannin da suka rayu da tasha bayan jirgi ya ja baya? Ga kasuwar Shinkafi da cinikin dabbobi da hatsi har da mutanen Nijar. Ga masarautar Zurmi da rawar da masu unguwanni ke takawa wajen sasanci. Ga rayuwar waɗanda suka baro ƙauyukansu suka dawo cikin gari. Ɗan ƙasa ya san harshe, ya san wanda zai gaisar kafin ya fara tambaya. Amma a nan ma shawara tilas ce, domin malami ne zai nuna masa inda bai kamata ya je ba, da yadda zai ɓoye sunayen waɗanda suka yi masa magana don kada bincikensa ya jawo musu fitina.

Rabon Malaman Sakandare

Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, amma makarantu da yawa na karkara ba su da shi, aikin ya koma kan malamin aji. Babban kuskuren da ya kamata a gyara shi ne zaton da yara ke yi cewa kimiyyar zamantakewa mafaka ce ga mai gudun lissafi. Ana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, kafin shiga waɗannan fannoni. Mai son tattalin arziki sai ya rubuta lissafi a jarrabawar JAMB, kuma zai same shi yana jiransa a jami'a tun zangon farko. Masu kimiyyar siyasa da nazarin zaman jama'a su ma ba su tsira daga ƙididdiga ba, domin da ita ake fassara amsoshin da aka tattaro daga jama'a.

Haka nan ya kamata a zauna da yaro a duba littafin JAMB kafin ya cike fom, domin kowane fanni yana da haɗin darussan da yake karɓa, kuma ana rasa gurbi saboda haɗi marar kyau ko da maki ya yi yawa. Malamin lissafi kuwa yana iya ɗaukar misalin ɗalibin Zurmi da aka kawo a sama ya ba 'yan ajin ƙarshe a matsayin aikin gida: su canza F ɗin lissafi zuwa B su ga abin da zai fito, sannan su nemo matsakaicin da wanda ya gama shekarar farko da 3.00 yake buƙata a sauran yunit 108 kafin ya kai 3.50.